Zabuwa a Layin Manjo

Shafi na 19

Masu damuna da "ina na yau", ga shi. Wanda ba ya iya ganin jini ya tsallake wannan shafin, kada ya zo min da ƙorafi a ƙasa.

* * *

Ba su yi sallama ba. Takalmin Saje Bawa ne ya yi musu.

Ƙyauren shagon ya bugi bango ya dawo, gwangwanin ƙananan sukurori ya faɗo daga kan kanta ya tarwatse. Muntari ya ɗago kai, ƙarfen narka dalma na hannunsa yana hayaƙi. Bai ko cire shi daga wuta ba, ya jingina shi a bakin tebur ya miƙe.

A lungu, Irmiya ya ɗauke hannu daga kan kwamfuta. Tsohon malamin lissafi ne, shi ke rubuta manhajar da suke zuba wa wayoyin manyan garin don su daina yanke kira. Muntari na da shago da ƙarfe da dalma, Irmiya na da kai da yatsu. Da haka suke ci tun da selula ta shigo Sakkwato.

Manjo Sule ne ya shigo ƙarshe, cikin kaki, selularsa a hannu kamar rabin bulo. Ya bar kofur guda a waje yana gadin ƙofa. Motar soja na gurnani a bakin titi, ba a kashe ta ba. Mai shayi da mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka tuni sun tuna suna da uzuri a gida.

"Ranka shi daɗe, sannu da zuwa. Wayar ce ta sake..."

Marin Manjo ya juyar da Muntari har ya dafa kanta.

"Ina zabuwar?" in ji Manjo.

"Wace zabuwa, ranka shi daɗe?"

Saje Bawa ya soka masa gindin bindiga a ciki. Muntari ya durƙushe, abincin rana ya taso masa har maƙoshi.

Manjo ya jawo kujerar masu jiran gyara, ya kaɗe ta da hankici, ya zauna.

"Ranar da na zo karɓar wayata, akwai wata tsohuwar waya a kan teburin nan, bayanta a buɗe, igiya ta fito daga cikinta zuwa kwamfuta. Ta yi wani kuka. Na yi dariya, na ce wa tichan nan naka kiwon zabi kuka koma? Ka tuna?"

Muntari ya tuna.

Wayar gwaji ce. Ita ce uwar shagon. Ba su taɓa zuba sabuwar manhaja kai tsaye a wayar mutum ba, don in ta kashe ta ba su da abin ramuwa. Sai su ɗauki lambar mutumin su ɗora wa wayar gwaji, su gwada komai a kanta, in ya zauna su zuba wa mai ita. Gilashin wayoyin nan kuwa ba ya nuna komai sai lambobi. Shi ya sa in Irmiya na farautar kuskure a cikin manhajarsa, sai ya dasa ƙara a wurin da yake zargi, don ya ji da kunne in aikin ya biyo ta nan. In an ɗauki kira, kukan zabuwa. In an yanke, kukan zabuwa mai ja. Muntari ya sha ce masa ya cire tsuntsuwar nan tana cika masa kunne.

"Na tuna, ranka shi daɗe."

"To, ita ce ta biyo ni. Duk kiran da na ɗauka, kafin in buɗe baki, zabuwa na kuka a kunnena. A ofis. A mota. A ɗakin matata." Manjo ya sunkuyo. "Wani na zaune a kan layina yana jin maganata. Da lambata. Da wayarku."

"Wallahi tallahi an goge lambarka! Nan shagon ba a barin mutum shi kai bakin titi da lambarshi cikin wayar gwaji. Ni da idona na ga sihiri ya cika gilashin, ba lamba ko guda. Ticha, hwaɗa mai!"

Irmiya ya sunkuyar da kai. Yana kallon ƙasa.

"Ɗauko ta in ga sifirin," in ji Manjo.

Muntari ya rarrafa zuwa teburin Irmiya, ya jawo babbar durowar katako inda wayar ke kwana. Ga igiyarta a nannaɗe. Ga tsumman da ake shimfiɗa mata. Ga ƙura ta zana siffarta.

Babu waya. Babu caja.

Ya tura hannu har ƙarshen durowar, kamar wayar za ta ɓuya a bayan ƙusa.

"Ticha," ya ce a hankali. "Ina take?"

"Ta lalace, Maigida. Na jefar."

Manjo ya yi murmushi. "Saje, tichan nan da hannu yake cin abinci ko?"

"Da yatsu, Oga. Na gan shi yana ƙwanƙwasa abin nan kamar kaza a faranti."

"Sa masa su a inda wayar take."

Saje ya shaƙo wuyan rigar Irmiya, tabaransa ya faɗi, aka taka. Ya kama hannun hagu ya ɗora yatsun a bakin durowar. Irmiya ya yi ƙoƙarin dunƙule su, Saje ya buɗe su da ƙarfi.

"Ranka shi daɗe, don Allah! Don darajar iyayenka!" Muntari ya kama takalmin Manjo. "Hannun nan shi ka ci da gidana da nashi. Ka ɗauki kwamfutar, ka ɗauki shagon..."

Saje ya tura durowar da gwiwa.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshen kara. Ihun Irmiya ne ya cika shagon, ya fita titi, ya dawo.

"Buɗe," in ji Manjo. "Ticha, sifirin da maigidanka ya gani fa?"

Irmiya na numfashi da baki. Yatsu biyu sun karkace inda ba a halicce su su karkata ba.

"Maigida bai sani ba," ya ce. "Ku bar shi. Sifirin ƙarya ne."

"Mi?" in ji Muntari.

"Ni na rubuta shi. Gilashin ya nuna sifiri, lambar na nan a ciki."

Muntari ya saki takalmin Manjo. Zafin cikinsa ya ɓace, wani zafin ya hau kansa.

"Ka sa na yi rantsuwa kan ƙarya? Ni? Ni da niɗ ɗauko ka lokacin da kaka yawo da alli a aljihu, matarka Monica na saida ƙosai? Mi niy yi ma, Irmiya? Layin soja? Duk layukan garin ga, na soja kaz zaɓa?"

"Yi haƙuri, Maigida."

"Haƙurin uwar wa!"

Manjo ya tafa hannu sau ɗaya. "Ku yi faɗanku a lahira. Ticha, wa ka ba?"

"Ni nake saurare."

"Ƙarya kake. Yau da hantsi zabuwa ta yi kuka, yarona na tsallaken titi yana kallonka ta tagar nan. Hannunka biyu na kan kwamfuta." Ya zaro sigari. "Kuma inda mutumin yake akwai iska. Akwai tattabaru. Jiya ina magana ina jin gurrr, gurrr a ƙarƙashin muryata. Saje, gida nawa ke da tattabaru a garin nan?"

"Oga, sai dai mu ƙona garin."

"Shi ya sa na zo wurin mai yatsu."

Muntari bai ji sauran ba.

Tattabaru.

A duk unguwarsu ta Ƙofar Dundaye babu inda waya ke kama layi kamar saman soron gidansa. Irmiya da kansa ya gano haka, can suke hawa in suna son gwada nisa. Kuma a can Muntari ke kiwon tattabarunsa.

Sai abubuwa suka riƙa zuwar masa, ɗaya na jan ɗaya. Lantana, matarsa, mai ciwon gwiwar da ko tabarma sai an miƙa mata hannu take tashi, kwanan nan kullum tana saman soro wai shanyar kuɓewa. Kuɓewar da ba ta ƙarewa. Doguwar wayar wutar da ta ce ya kawo mata wai don guga. Ranar da ya dawo ya tarar da Irmiya a zaure, ya ce ya zo gaida yara.

Da kuma abin da ya fi komai: ta daina yi masa maganar Ibrahim.

Ibrahim ƙanenta ne, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Direban tankar mai. Tun kafin azumi aka sauke shi a shingen soja, aka ce ya karkata motar zuwa bakin iyaka ya ƙi. Motar ta wuce da wani direban, shi ba a sake ganinsa ba. Kowa a garejin ya san yaran wa ke tsaron shingen nan. Da Lantana ta ji Manjo ya kawo gyaran waya, durƙusawa ta yi a kan gwiwar nan mai ciwo. Baban Hasana, ta ce wa Muntari, ka tambaye shi. Ko gawa ce su ba mu. Shi kuwa ya ce mata soja ba a tambayar shi, ta yi ta addu'a.

Ashe da ya ƙi, wurin Irmiya ta je.

Ya ɗago ido. Irmiya na kallonsa ta cikin hawaye, ba tabarau. Ya girgiza kai kaɗan, kaɗan ƙwarai.

Wato yatsun nan ba don kansa ake karya su ba.

"Ɗaya hannun," in ji Manjo.

Kalma ɗaya ce tsakanin Muntari da tsayar da durowar nan. Ya ce gidana. Shi ke nan. Motar da ke waje ta nufi Ƙofar Dundaye, Saje Bawa ya hau saman soro da takalmin nan.

In ya yi shiru kuma, ga hannun dama an ɗora.

"Ni ne!" ya ce. "Ni niɗ ɗauke ta. Tsoro ya kama ni, shekaranjiya na jehwa ta gulbi. Tana ƙasan ruwa, ranka shi daɗe. Ka kashe ni in kashewa ce, bar mai hannu."

Manjo ya dube shi kamar mai kallon akuyar da ta yi magana.

"Shekaranjiya. Kifi ne ya saurare ni yau da hantsi?"

Saje ya fashe da dariya. Bai saki hannun Irmiya ba, da ƙafa ya kai wa Muntari a baki. Haƙori ya fita, Muntari ya ji shi a kan harshe ya tofar.

"Tunda tana gulbi, bari mu kira gulbin," in ji Manjo. Ya kashe selularsa ya ajiye a cinya. Ya nuna wayar tebur ta shagon da lasifikar da suke jona mata in suna son su ji kira su biyu. "Haɗa min wancan. Ina so kowa ya ji."

Muntari ya haɗa. Jini na ɗiga a kan wayoyin. Manjo ya danna lambar kansa da bakin sigari.

Ta fara ƙara.

Kada ki ɗauka, Muntari ya ce a ransa. Kina kicin. Kina barci. Batir shi mutu. Ya Allah, batir shi mutu.

Ta sake ƙara.

Sai lasifikar ta yi kukan zabuwa.

Bayan shi, iska. Bayan iskar, gurrr, gurrr. Har Muntari ya gane muryar baƙin namijin tattabarar nan mai faɗa da kowa.

Manjo ya jawo kan wayar kusa da bakinsa.

"Kai mai saurare. Yau da kai nake, ba da wani ba. Ka san muryata, ka sha jin ta. Ina shagon Muntari mai waya a Tudun Wada. Saurara da kyau, tunda ka iya."

Ya ɗaga wa Saje gira.

Durowar ta rufe.

Wannan karon Irmiya ya ciji leɓe har ya huda, amma ihun ya ƙwace. A cikin ihun ya cusa magana.

"Kada a zo! A kashe wayar! Kada a..."

Gindin bindiga ya rufe masa baki.

"Ka ji?" in ji Manjo. "Saura yatsu, saura ido, saura maigidansa. Duk karan sigarin da na gama, Saje zai ɗauki wani abu. Ka kawo min wayata da ƙafarka. Kuma kada ka yanke, ina son in ji tahowarka. Ka yanke, in fasa kansa."

Shiru. Tattabaru kawai.

Sai aka ji fuka-fukai sun tashi gaba ɗaya, kamar an ratsa ta cikinsu.

Sai taku a kan matakala. Ɗaya da nauyi, ɗaya da ja. Ɗaya da nauyi, ɗaya da ja.

"Gurgu ne, Oga," in ji Saje.

"Ko tsoho. Ko ma wane ne, yana da kunne, kuma ya ji abin da ba a ji a kwana."

Ƙyauren zauren gidan Muntari ya yi kukansa. Muntari ya yi shekara yana cewa gobe zai sa masa mai. Daga nan ƙarar ta dushe, an naɗe wayar cikin zane.

Saje ya watsar da Irmiya a ƙarƙashin tebur, ya haɗa da Muntari, ya koma bakin ƙofa yana goge gindin bindigarsa da labulen shagon. Manjo ya miƙe ƙafa yana busa hayaƙi sama.

Kan Irmiya na jingine da kafaɗar Muntari. Hannuwansa biyu na kan cinya, sun kumbura sun yi baƙi, ba su yi kama da na mutum ba.

"Maigida," ya ce cikin raɗa, bakinsa cike da jini. "Ibrahim na da rai."

Muntari ya juyo ya dube shi.

"Ta ji an ambace shi. Yana wani gida a bayan gari. An ce a gama da shi kafin Juma'a, baƙi za su zo bincike."

"Don mi ba ka hwaɗa min ba?"

"Da ka hana."

Muntari ya haɗiye jini. "Awo. Da na hana."

"Laifina ɗaya. Na manta zabuwar. Na ɓoye lamba, na ɓoye komai, na manta tsuntsuwa." Ya yi wani abu mai kama da dariya. "Ka sha faɗa min."

"Rufa bakinka, Ticha. Aje numfashinka."

"In ban fita ba, Monica..."

"Na ce rufa baki."

Lasifikar na ta kawo gari cikin shagon. Manjo na jin hayaniya kawai, shi da ke ratsa Sakkwato gilashin mota a rufe. Muntari kuwa hanyarsa ce ta kullum, da kunne yake ganin ta. Ga injin niƙan bakin lungunsu. Ga makarantar allo. Ga injin babur ya tashi, ta hau kabu-kabu, ita da ta rantse ba ta ƙara hawa tun da ta faɗi. Ga mai saida kaset ya ƙure waƙa. Ga katakon kan kwalbati ya yi ƙara a ƙarƙashin taya.

Koma, Lantana. Ki ce mai shi juya. Ki wuce tasha, ki tahi Gwadabawa wurin innarki.

Babur bai juya ba.

Manjo ya jefar da guntun sigari ya murje da takalmi.

"Saje."

"Oga, ai yana hanya."

"Na ce duk kara. Ni ba na saɓa magana."

Saje ya ɗauki filaya daga kan tebur, ya gwada bakinta a iska, ya jawo Irmiya da ƙafa. Muntari ya faɗa a kansa ya rufe shi da jiki.

"Ni ka ɗauka! Nawa ka ɗauka, ɗan banza!"

"To, maigida ya yi kyauta," in ji Saje.

Kunnen Muntari ya kama. Ya murɗa, ya ja. Muntari ya ji abin ya yage har cikin haƙoransa, ɗumi ya gangaro masa wuya ya shiga riga. Bai yi ihu ba. Ya san wa ke ji. Ya cusa fuska a bayan Irmiya ya ciji rigarsa har abin ya wuce.

"Taurin kan Basakkwace," in ji Manjo, ya kunna wani karan. "Saje, in ya iso, ka shigo da shi ka rufe ƙofa. Ba mai fita. Shagon wayoyi ne, gobara ba ta yi musu wuya."

"Su ukun, Oga?"

"Ka ga na huɗu?"

A gabansu ya faɗa, ko muryarsa bai rage ba. Nan Muntari ya gane ashe tun shigowarsu babu wani ciniki. Ya faɗi sunanta ko ya ɓoye, wayar ta zo ko ta ƙi, wuta ce ƙarshen shagon nan.

Abin mamaki, sai tsoro ya sake shi.

Ya duba sama ta gefen tebur. Ƙarfen dalma na nan inda ya jingina shi, igiyarsa a bango, bakinsa ya yi ja don daɗewa a wuta. Tsakaninsa da Manjo bai fi a miƙa hannu ba. Tsakaninsa da Muntari akwai Saje Bawa da bindiga.

A lasifika, ƙarar masu walda. Ta shigo Tudun Wada.

Akwai abin da duk mai wannan sana'a ya sani tun ranar farko, don ya sha toshe masa kunne. Ba a shigo da wayar da ke kan kira kusa da lasifikar da ke ɗauke da kiran. Irmiya kan fita har bakin titi in za su gwada.

Muntari ya dafa ƙafar tebur ya ɗago.

"Ina za ka?" in ji Saje.

"Ranka shi daɗe, ƙarar ta yi ƙasa," ya ce wa Manjo. "An naɗe ta cikin tuhwa. Bari in ƙara ma, ka ji shi da kyau. Wataƙila shi yi magana da mai babur, ka san ko wane ne."

Manjo ya yi masa kallon raini. "Yanzu ka fara hankali. Ƙara."

Muntari ya murɗa maɓallin har ya tsaya. Shagon ya cika da gurnanin babur. Bai koma ƙasa ba, ya tsaya nan dafe da tebur kamar mai jiri. Jirin ma gaskiya ne.

Daga ƙasa, Irmiya ya dubi lasifikar, ya dubi ƙarfen, ya dubi Muntari. Ya ja jikinsa a hankali har ya kwanta daf da takalman Saje.

Babur ya tsaya.

Taku. Ɗaya da nauyi, ɗaya da ja.

Sai wani gurnani ya shigo lasifikar, mai nauyi, mai tari a tsakiya. Manjo ya karkata kai. Motarsa ce. Yana jin ta ta bango, yana jin ta ta lasifika.

Muryar kofur ta fito sau biyu, ɗaya a bayan ƙyaure, ɗaya a kan tebur.

"Ke! Tsaya nan! Ba ki ga soja ba? Me kika ƙunsa a mayafi?"

"Matsa min, ɗan nan. Ubangidanka ka kirana."

Manjo ya cire sigarin daga bakinsa.

"Mace?"

Ya juyo ya dubi Muntari. Ya daɗe yana dubansa. Duk abin da Muntari ya ɓoye da baki, fuskarsa ta tona.

"Lallai," in ji Manjo, murmushi na buɗe masa. "A gulbi ko? Matarka ce gulbin." Ya miƙe, ya zaro ƙaramar bindiga daga ƙugu, ya saita ƙofa daidai tsayin ƙirji. "Kofur! Bar ta ta shigo."

"Baban Hasana!" Muryar Lantana ba ta rawa. "Na ji abin da sunka yi ma Malam Irmiya. Na ji naka, ko da ka ɓoye. Ga wayarsu na kawo, shi hwaɗa min inda ƙanena yake."

"Kada ki shigo!"

Ƙyauren ya buɗe.

Hasken rana ya faɗo ciki, da ita a tsakiyarsa, ta zare wayar daga mayafi ta ɗaga sama.

Lasifikar ta tsala wata irin ƙara mai huda ƙwaƙwalwa. Saje ya saki baki ya kai hannu kunne. Irmiya ya naɗe masa ƙafafu da damatsansa, ya sa haƙori a ƙwaurinsa, suka zube tare. Manjo ya runtse ido, kafaɗarsa ta ɗaga.

Muntari ya cafki ƙarfen. Ba ta mariƙi ya samu ba, ta tsakiya, tafinsa ya yi cuwww. Bai saki ba. Da duk nauyin jikinsa ya luma jan bakin a wuyan Manjo, ƙasan kunne, inda kaki ya ƙare.

Warin ƙonannen nama ya tashi.

Bindigar ta tashi.

Suka faɗi tare a kan kujera, kujerar ta karye. Muntari na sama, yana dannawa, Manjo na shure-shure yana yaƙushin fuskarsa. Ta gefen ido ya nemi ƙofa. Hasken na nan. Babu kowa tsaye a cikinsa.

Ƙarar lasifikar ta yanke.

Sai ta yi kukan zabuwa. Mai ja.

Tun da aka ɗaura musu aure Muntari bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba.

"Lantana!"

Takalmin kofur ne ya amsa, a guje, yana ɗana bindiga.